Wa ya fara haɗa ƙwaƙwalwar mutum da kwamfuta?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani matashi da jikinsa ya shanye yana wasan dara irin na Turawa a kwamfuta ba tare da ya motsa hannu ba. An ce kamfanin Elon Musk ne ya dasa masa na'ura a ka. Shi Musk ɗin ne ya ƙirƙiro abin? In ba shi ba ne, wane masani ne ya buɗe hanyar? Kuma da gaske ne na'urar tana karanta abin da ke zuciyar mutum?

Amsa: Ƙanena, ba shi ba ne. A 2016 aka kafa kamfanin Neuralink, kuma sai a watan Janairun 2024 ya dasa wa mutum na farko na'urarsa, wato Noland Arbaugh, wanda ka gani a bidiyon. Shekara ashirin kafin nan, a watan Yunin 2004, an riga an buɗe kan wani matashi a asibitin Rhode Island da ke Amurka, an dasa masa wani ɗan faifai, daga baya ya riƙa juya kibiyar allon kwamfuta da niyyarsa kawai. Wanda ya jagoranci wannan aiki shi ne Farfesa John Donoghue na Jami'ar Brown. Fannin na da iyaye da yawa, zan kuma ambato su, amma in ka matsa mini in fitar da suna ɗaya, nasa zan fitar. Dalilina ba zai fito ba sai ka fara sanin yadda hannu ke motsi.

Ka sa yatsa a tsakiyar kanka, ka gangaro da shi zuwa gaban kunne. A ƙarƙashin wannan layi, cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, akwai yankin da ke ba da umarnin motsi. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin suna magana ne da tartsatsin lantarki, kowane tartsatsi yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Umarnin yana gangarawa ta laka, ya bi jijiyoyi, ya isa ga tsoka. Idan mutum ya karye a wuya lakarsa ta yanke, sarki yana nan a fada, talakawa suna nan a ƙauye, hanyar da jakada zai bi ce ta yanke. Duk aikin haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta shi ne a tsaya a bakin fada a saurari umarnin, a kai shi ta wata hanyar.

Sauraron iri biyu ne. Tun 1924 Bajamushe Hans Berger ya gano cewa in aka manna wayoyi a fatar kai ana iya auna lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma da irin wannan awon ake duba masu farfaɗiya har yau. Amma wannan tamkar ka tsaya ne a bayan katangar kasuwa: za ka san ko kasuwa ta cika ko ta watse, ba za ka ji cinikin kowa ba. In kana son jin ciniki, sai ka shiga rumfa ka zauna, wato ka kai bakin waya kusa da ƙwayar jijiya ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar. Edward Evarts ya ƙware a wannan a shekarun 1960, yana sauraron ƙwayoyin biri yayin da birin ke farke yana motsa hannu. A 1969 Eberhard Fetz na Jami'ar Washington ya nuna cewa biri zai iya koyon ƙara tartsatsin ƙwaya guda da gangan, in ya ga allurar ma'auni tana hawa kuma ana ba shi ɗan abinci. Jacques Vidal ne ya raɗa wa fannin suna, wato mahaɗar ƙwaƙwalwa da kwamfuta, a 1973.

Mabuɗin ya zo daga Apostolos Georgopoulos a Jami'ar Johns Hopkins, tsakanin 1982 da 1986. Ya gano cewa kowace ƙwaya a yankin motsi tana da nahiyar da ta fi so. Wata ta fi yin tartsatsi in hannu zai yi dama, wata in zai yi sama. Ƙwaya ɗaya ba ta isa ta gaya maka inda hannu ya nufa ba, amma in ka haɗa da yawa sai amsar ta fito. Ka tuna sa da aka ɗaura wa igiyoyi, samari sun kewaye shi kowa yana ja ta inda yake tsaye: in ka san inda kowa yake da ƙarfin da yake ja, ka san inda dabbar za ta karkata ko ba ka gan ta ba. Kusan duk na'urar da ke juya kibiyar allo a yau, a kan wannan tunanin aka gina ta.

An haifi Donoghue a 1949 a jihar Massachusetts. Ya gama digirinsa na uku a Brown a 1979, ya dawo can yana koyarwa a 1984, kuma shi ne shugaban farko na sashen nazarin ƙwaƙwalwa da jami'ar ta kafa a farkon shekarun 1990. Abin da masu labarai suka cika tsallakewa, ni kuwa shi ya fi burge ni, shi ne shekarun da ya shafe da ɓeraye kafin ya taɓa tunanin wata na'ura. A da an ɗauka taswirar jiki da ke yankin motsi kafaffiya ce a jikin baligi: nan na hannu, nan na fuska, ba sauyi. Shi da abokin aikinsa Jerome Sanes suka yanke jijiyar da ke motsa gashin bakin ɓera, sannan suka koma suka taɓa wurin da a da yake kula da gashin bakin da ɗan lantarki. Cikin sa'o'i kaɗan, sai ga ƙafar gaba tana motsi. Maƙwabci ya shigo gonar da mai ita ya bari. A 1991, tare da Kimberle Jacobs, ya nuna dalilin saurin abin: hanyoyin suna nan tun asali, wasu ƙwayoyi ne ke danne su, da an ɗauke dannewar sai su buɗe. Daga baya ɗakin bincikensa ya nuna cewa in ɓera ya koyi miƙa ƙafa ya ɗauko abinci ta ƙaramar kafa, mahaɗan ƙwayoyin wannan yanki suna ƙara ƙarfi. Ko da bai yi komai ba bayan wannan, sunansa zai zauna a littattafan da muke karantar da ɗalibai.

Ka riƙe wannan bincike na ɓeraye a ranka, domin shi ne zai koma babban abin tsoro a gaba.

Matsalar kayan aiki ita ce a lokacin yawanci ƙwaya ɗaya ake saurara da waya ɗaya, alhali ana buƙatar da yawa a lokaci guda. Wani injiniya a Jami'ar Utah, Richard Normann, ya ƙera ɗan faifai na silikon mai faɗin milimita 4 a kowane gefe, bai kai ƙwayar wake ba, da ƙananan allurai 100 a jikinsa kamar buroshi, kowace tsawonta milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi Normann ɓangaren gani ya sa a gaba, yana fatan taimakon makafi. Donoghue ya ɗauko faifan ya kai shi yankin motsi na birai. A 2002 shi da ɗalibinsa Mijail Serruya da sauran abokan aiki suka wallafa a mujallar Nature cewa biri ya juya kibiyar allo da ƙwayoyi 7 zuwa 30 kacal. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Cewa 'yan gomomi sun isa a gane nufin hannu, wannan ne ya sa abin ya zama mai yiwuwa a jikin ɗan Adam. Ba shi kaɗai ke wannan tsere ba: Miguel Nicolelis ɗan Burazil a Jami'ar Duke da Andrew Schwartz, wanda daga baya ya koma Pittsburgh, suna nasu gwaje-gwajen da birai, kuma aikinsu ba ƙarami ba ne.

Inda Donoghue ya bambanta da su shi ne ya yanke shawarar fita daga ɗakin birai. Gwaji a jikin mutum yana buƙatar kuɗi masu yawa da izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, don haka a 2001 shi da abokansa suka kafa kamfanin Cyberkinetics, suka sa wa na'urar suna BrainGate. Wanda ya fara miƙa kansa shi ne Matthew Nagle, tsohon ɗan wasan ƙwallo a makarantar sakandare, wanda aka daɓa wa wuƙa a wuya a 2001, tun daga nan bai sake motsa hannu ko ƙafa ba. Likitan tiyata Gerhard Friehs ne ya dasa faifan.

Duk biran da aka yi gwaji da su lafiyayyu ne, hannuwansu suna aiki. Nagle kuwa shekara uku rabonsa da motsa hannu. In aka bi abin da Donoghue da kansa ya gano a ɓeraye, akwai hujjar jin tsoron cewa yankin hannun Nagle ya riga ya zama gonar wani, ko ya yi kufai. In haka ne, za a buɗe kan bawan Allah a banza, kuma fannin gaba ɗaya zai zama na biran da ba sa buƙatarsa. Da aka jona wayoyin aka ce masa ya raya a ransa yana motsa hannu dama ko hagu, sai ƙwayoyin suka amsa, kowace da nahiyarta, yadda Georgopoulos ya gani a biri. Sarki bai daina ba da umarni ba duk tsawon shekarun nan, ba wanda ke ji ne kawai. A wurina wannan ne babban abin da Donoghue ya bar wa duniya, ya fi na'urar kanta daraja. Na'ura takan tsufa a sauya ta, amma a kan wannan amsa ce duk kamfanonin yau suke tsaye. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa ba ranar da na karanta sakamakon nan ban tuna majinyatan da na gani kwance ba sa iya ɗaga yatsa ba.

Yadda ake haɗa mutum da na'urar ba wuya a fahimta. Ana nuna masa kibiya tana tafiya da kanta a allo, a ce ya raya kamar hannunsa ke jan ta. Kwamfuta tana rubuta abin da kowace ƙwaya ta yi lokacin da kibiya ta yi sama, da lokacin da ta yi ƙasa, har ta gane halin kowace. Sai a juya lamarin: yanzu ƙwayoyin ne za su ja kibiyar. Masana kwamfuta da lissafi a Brown, ciki har da Michael Black, sun shigo da dabarar lissafin Kalman, irin wadda aka yi amfani da ita wajen saita kumbon Apollo da ya je duniyar wata, domin tace hayaniya daga saƙon. Nagle ya buɗe saƙonnin gwaji a allo, ya sauya tashar talabijin, ya yi wasa, ya buɗe ya rufe hannun roba. Sakamakon ya fito a Nature a watan Yulin 2006, Leigh Hochberg ne kan gaba a jerin marubutan. Kada ka ɗauka abin ya yi santsi. Kibiyar tana rawa, akwai wani ƙarfe kamar murfin kwalba da aka ɗaure a ƙoƙon kansa ya fito ta fata, da igiya mai kauri zuwa tarin kwamfutoci, kuma sai ma'aikaci ya zo ya sake saita komai kafin a fara. An cire faifan bayan kimanin shekara guda. Nagle ya rasu a 2007.

Gaskiya biyu ba zan ɓoye maka ba. Ba Nagle ne mutum na farko da aka sa wa waya a ƙwaƙwalwa don ya juya kwamfuta ba. A 1998 Philip Kennedy, tare da likita Roy Bakay a Atlanta, ya dasa wa wani mutum mai suna Johnny Ray wani ƙaramin mazurarin gilashi, Ray kuma ya koyi zaɓen haruffa a hankali. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, wannan matsayi na Kennedy ne. Sai dai ƙwayoyin da na'urarsa ke ji kaɗan ne ƙwarai, kuma hanyar da fannin ya bi daga baya ita ce ta faifai mai allurai da yawa. Ta biyu, wasu manyan masana sun soki Donoghue a lokacin, suka ce ya yi gaggawar zuwa jikin mutum da na'urar da ba ta nuna ba. Ni ina ganin sukar na da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya: duk masanin da ke da hannun jari a kamfanin da ke gwada na'urarsa, dole a sa masa ido, ko waye shi. Amma tambayar ko ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe a shanye tana riƙe da niyyar motsi, biri mai lafiya ba zai taɓa amsa ta ba, ko shekara nawa aka ƙara jira.

Kamfanin bai yi tsawon rai ba. Kuɗi ya ƙare masa a wajen 2008, aka sayar da sashen ƙera faifan ga kamfanin Blackrock da ke Utah. A nan ne aka san maci tuwo. Masu zuba jari sun watse, amma masu binciken suka mayar da aikin hannun jami'o'i da asibitoci, aka buɗe sabon gwaji a 2009 mai suna BrainGate2 ƙarƙashin Hochberg a babban asibitin Massachusetts, da tallafin gwamnati, ciki har da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Daga nan ne hoton da ya zaga duniya ya fito. Cathy Hutchinson, mai shekara 58, ta yi kusan shekara 15 ba ta magana ba ta motsa gaɓoɓi saboda bugun jini da ya same ta a gindin ƙwaƙwalwa. A watan Afrilun 2011 ta sarrafa hannun ƙarfe da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta ƙera, ta ɗauko gorar kofi daga tebur, ta kai bakinta, ta sha ta tsinke, ta mayar. Sau huɗu ta yi nasara cikin gwaji shida. Mutane suna kallon murmushinta, kuma ya cancanci kallo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne faifan da ke kanta ya haura shekara biyar da dasawa kuma yana aiki.

In kana son auna tasirin malami, duba abin da ya fito daga zauren da ya share. Ƙungiyar BrainGate ta bazu zuwa jami'o'in Amurka da ke Stanford da Cleveland da Davis da wasu wurare. A 2017, a Cleveland, aka haɗa faifan da wayoyi 36 da aka dasa a tsokokin hannun Bill Kochevar, wanda hatsarin keke ya shanye, ya ci abinci da hannunsa na kansa. A 2021, Frank Willett da Krishna Shenoy da Jaimie Henderson a Stanford suka sa wani mutum ya raya yana rubutu da alƙalami, kwamfuta tana fitar da haruffa 90 a minti. A 2023 suka koma yankin da ke motsa leɓe da harshe, wata mata mai cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta kai kalma 62 a minti, ko da yake in an buɗe mata babban ƙamus kusan kalma ɗaya cikin huɗu kan fito ba daidai ba. Shenoy ya rasu a watan Janairun shekarar, kafin sakamakon ya fito a mujalla, kuma rashinsa babban giɓi ne. A 2024 ƙungiyar Davis ta kai daidaiton kusan kashi 97 cikin ɗari wajen fitar da kalmomi. Duk waɗannan da faifan nan na Normann na Utah aka yi su, a ƙarƙashin gwajin da ya samo asali daga na 2004. Shi kansa Donoghue ya je Geneva ta ƙasar Suwizalan ya zama daraktan farko na cibiyar Wyss, ya yi 'yan shekaru, ya komo Brown.

Neuralink ma a ba shi haƙƙinsa. Na'urarsa tana ɓoye gaba ɗaya ƙarƙashin fata, ba igiya, kuma ta farkon tana da bakin sauraro 1,024 a kan zare 64 masu laushi da mutum-mutumi ke ɗinkawa. Wannan ci gaba ne na injiniyanci na gaske. Amma cikin makonni da dasa ta, da yawa daga zaren suka janye daga ƙwaƙwalwar Arbaugh, sai da aka gyara lissafin. Tsohuwar matsala ce: ƙwaƙwalwa ba ta son baƙo. Tana motsi a cikin ƙoƙon kai, tana kuma lulluɓe duk abin da aka soka mata da tabo, har sautin ƙwayoyin ya riƙa dusashewa shekara bayan shekara. Rahoton da BrainGate ta fitar a 2023 kan mutum 14 da aka dasa wa tsakanin 2004 da 2021 ya nuna ba wanda na'urar ta kashe, ba wanda ƙwaƙwalwarsa ta kamu da cuta saboda ita, abin da ya fi yawa shi ne kumburin fata a gefen ƙarfen. Labari ne mai daɗi, amma ka lura da adadin. Har zuwa 2023, duk mutanen da aka yi wa irin wannan dashe a gwaje-gwaje a faɗin duniya ba su kai ɗari ba.

Saboda haka in kana da ɗan'uwa da hatsarin mota ko babur ya kwantar, kamar yadda gidaje da yawa a wajenmu suke da shi, kada kowa ya karɓi kuɗinku da sunan zai kai shi a dasa masa wannan. Har yanzu gwaji ne, ba magani ne da ake saye ba, kuma ba ya ɗinke laka. Yawancin masu shanyewar ɓarin jiki ma ba su ne ake nufi da shi ba. Abin da zai tsawaita ransa yau shi ne a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, a kula da mafitsararsa, a ci gaba da motsa masa gaɓoɓi bisa shawarar likitan gashin ƙashi.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Faifan yana zaune ne a yankin motsi, yana jin 'yan ɗaruruwan ƙwayoyi in an yi sa'a, kuma abin da yake kamawa shi ne yunƙurin motsa hannu ko harshe. Bai san abin da ka tuna ba, bai san wanda kake so ko wanda kake ƙi ba, bai san imaninka ba. Amma ba zan ce maka damuwar ba ta da tushe ba. A 2025 masu bincike a Stanford sun nuna cewa idan mutum yana furta kalmomi a zuci, wata inuwar furucin tana bayyana a yankin da ke motsa baki, kuma kwamfuta na iya tsintar wani abu daga ciki, ko da yake da kurakurai masu yawa. Su da kansu suka gwada kulle abin da kalmar sirri, ta yadda na'urar ba za ta fara fassara ba sai mai ita ya raya kalmar. Ƙasar Chile kuwa tun 2021 ta sa kare bayanan ƙwaƙwalwa a tsarin mulkinta. Duk da haka, kafin a kai ga ko harafi ɗaya, sai likita ya buɗe ƙoƙon kai, ya dasa allurai a daidai wurin, sannan mutumin ya zauna sa'o'i da son ransa yana koya wa kwamfuta halin ƙwayoyinsa, kuma abin da ta koya a kansa ba ya aiki kai tsaye a kan wani. Babu allurar rigakafi, babu wayar hannu, babu turken sadarwa da zai iya yin wannan.